Jarumin da Ake So Ya Sauka: Nazarin Ra'ayoyin Masu Karatu a kan Labarin Soyayyar Kaboyi, Flawless, na Elsie Silver

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce nazarin ire-iren ra'ayoyin da masu karatu suke bayyanawa game da Flawless, ƙagaggen labarin soyayya wanda marubuciya 'yar ƙasar Kanada, Elsie Silver, ta fitar a shekarar 2022, domin a gano ma'aunin da suke ɗora littafin a kai idan za su yaba shi ko su kushe shi. Littafin shi ne na farko a jerin littattafai biyar da ake kira Chestnut Springs, wato sunan wani ƙirƙirarren ƙaramin gari na makiyaya a lardin Alberta da ke yammacin Kanada, kuma Heartless ya biyo bayansa a wannan shekara, sannan Powerless da Reckless da Hopeless suka fito a 2023. Marubuciyar ce ta fara buga littattafan da kanta, kafin kamfanin Bloom Books, wanda reshe ne na Sourcebooks a Amurka, ya karɓe su ya sake buga su ya baza su a shagunan littattafai.

Abin da ake nufi da labarin soyayyar kaboyi na zamani shi ne ƙagaggen labarin da jigonsa soyayya ce tsakanin mutum biyu, wanda aka gina shi a wannan zamani na wayar hannu da mota da talabijin, amma jaruminsa yana rayuwa a gandun kiwon shanu ko yana cin abinci da wasannin makiyaya. Wannan ya bambanta shi da labarin kaboyi na tarihi, wanda ake mayar da shi ƙarni na 19, kuma shi ne irin wanda masu kallo a ƙasar Hausa suka daɗe da sani ta hanyar finafinan Amurka da aka riƙa nunawa a gidajen silima. Hujjar da takardar take son kafawa ita ce, yabon da ake yi wa Flawless da sukan da ake yi masa duk daga tushe ɗaya suke fitowa, domin masu karatu suna auna littafin ne da wani alƙawari da suke ganin nau'in ya ɗaukar musu, kuma ƙashin bayan wannan alƙawari shi ne jarumi mai taurin kai zai sauko daga kan abin da yake taƙama da shi saboda mace da gida. Saɓanin da ke tsakaninsu yana kan farashin wannan saukowa ne, wato ko jarumin ya biya abin da ya kamata kafin a yafe masa.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Nazarin masu karanta labaran soyayya a ƙasashen Turawa ya daɗe yana tafiya a ƙarƙashin inuwar ayyuka biyu. Tania Modleski, a littafinta Loving with a Vengeance na 1982, ta dubi littattafan kamfanin Harlequin da makamantansu ta fuskar nazarin halayyar ɗan Adam, inda ta nuna cewa labaran suna ɗauke da fushin mata da fargabarsu game da ikon maza, ko da yake suna ƙarewa da sulhun da ke kwantar da wannan fushi. Janice Radway kuwa, a Reading the Romance na 1984, ta bar teburin nazari ta je ta tambayi masu karatun da kansu, wato mata 42 a wani gari na tsakiyar Amurka da ta sakaya sunansa da Smithton, waɗanda suke karɓar shawarar abin da za su karanta daga wata ma'aikaciyar shagon littattafai. Ta gano cewa matan suna ɗaukar karatun a matsayin lokacin da suke keɓe wa kansu daga hidimar miji da 'ya'ya, kuma jarumin da suke so shi ne mai ƙarfi da kwarjini wanda daga baya zai nuna taushi da kulawa. An soki Radway da cewa adadin matan ya yi kaɗan, kuma ta ɗora musu fassarar da ba lallai su amince da ita ba, amma har yau babu mai nazarin wannan fage da zai wuce ba tare da ya tsaya a kanta ba.

Pamela Regis, a A Natural History of the Romance Novel na 2003, ta karkata ga zubi da tsari, inda ta fitar da ginshiƙai takwas da take ganin kowane labarin soyayya yana da su, daga bayanin al'ummar da masoyan suke ciki, da haɗuwarsu, da shingen da ke tsakaninsu, har zuwa alƙawarin aure. Ginshiƙin da ya fi amfani ga wannan takarda shi ne wanda ta siffanta da mutuwa ta alama, wato gaɓar da komai yake lalacewa har mai karatu ya ga kamar masoyan ba za su sake haɗuwa ba.

Ta ɓangaren labarin kaboyi, Jane Tompkins, a West of Everything na 1992, ta yi hujja da cewa nau'in ya taso ne a matsayin martani ga labaran gida da addini waɗanda mata suka mamaye kasuwarsu a Amurka a ƙarni na 19, shi ya sa jaruminsa yake ƙyamar yawan magana, yake guje wa ɗaki da coci, yake neman fili da doki. Misalin da ya dace a nan shi ne The Virginian na Owen Wister, wanda ya fito a 1902 kuma ake ɗaukarsa tushen nau'in, domin a cikinsa malamar makaranta Molly Wood ta gargaɗi jarumin cewa za ta rabu da shi idan ya fita fito-na-fito da abokin gabarsa Trampas, shi kuwa ya fita ya yi, daga ƙarshe ita ce ta janye maganarta aka yi aure. Giɓin da ke cikin waɗannan ayyuka shi ne, masu nazarin soyayya ba su cika kula da abin da hular kaboyi take ƙarawa a labari ba, masu nazarin kaboyi kuma sun fi kallon nau'in a matsayin kayan maza, alhali mata irin su Janet Dailey da Diana Palmer sun yi shekaru tun daga 1980 da 'yan kai suna rubuta wa mata labaran soyayyar makiyaya da suka yi kasuwa ƙwarai.

3.0 Ra'i da Hanyar Nazari

An ɗora nazarin a kan ra'in karɓar mai karatu, wanda yake cewa ma'anar rubutu ba ta cika sai ta haɗu da wanda yake karanta shi. Daga Hans Robert Jauss, wanda ya gabatar da tunaninsa a laccarsa ta 1967 a Jami'ar Konstanz ta Jamus, an ɗauko ma'anar da'irar tsammani, wato jimillar abubuwan da mai karatu yake sa ran gani tun kafin ya buɗe littafi, bisa ga abin da ya saba karantawa. Daga Stanley Fish kuma, a aikinsa na 1980, an ɗauko ma'anar jama'ar fahimta, wato rukunin masu karatu da suka yi tarayya a ƙa'idojin da suke fassara rubutu da su, ko da ba su taɓa zama sun tsara ƙa'idojin ba.

Hanyar da aka bi ta bayanin siffa ce, ba ta ƙidaya ba. An dubi ire-iren maganganun da suke yawan maimaituwa a sharhin masu karatu a fili, musamman a Goodreads, wanda ya fara aiki a 2007 kuma kamfanin Amazon ya saye shi a 2013, da kuma sashen masu littattafai na TikTok da ake kira BookTok, sannan aka karkasa su bisa abin da suke magana a kai, aka gwada kowane kaso da abin da ke cikin littafin. Ba a kawo maganar wani mai karatu da lafazinsa ba, ba a kuma ambaci sunan kowa ba. Dalilin ƙin dogaro da taurarin da ake ba littafi, daga ɗaya zuwa biyar, shi ne tauraro ba ya faɗin dalilinsa, kuma mutum biyu suna iya ba littafi taurari uku, ɗaya don ya ga bayanin kwanciya ya yi yawa, ɗayan don ya ga ya yi jinkirin zuwa.

4.0 Nazari

4.1 Zubin Labarin da Tubalansa

Rhett Eaton gwanin hawan bijimi ne da ya ci kambun duniya sau biyu yana neman na uku, sai aka ɗauki hotonsa na bidiyo yana kushe madara alhali masu sana'ar madara suna cikin masu ɗaukar nauyinsa, abin da ya jefa sunansa da kuɗin shigarsa cikin haɗari. Wakilinsa, Kip Hamilton, ya tura 'yarsa Summer, wadda ta karanta shari'a kuma take aiki a kamfaninsa, ta zauna tare da shi a gandun iyalinsa mai suna Wishing Well, ta kuma bi shi duk inda za a yi gasa, domin ta hana shi sake tafka wani abin kunya har kakar wasa ta ƙare. Ana ba da labarin ne da bakin su biyun, babi na wannan babi na wancan.

Abu na farko da ake lura da shi a sharhin masu karatu shi ne, da yawa ba sa fara bayani da labarin kansa, sai da jera tubalansa. Tubalin labari a nan yana nufin sanannen yanayi da ake maimaitawa daga littafi zuwa littafi har ya zama yana da suna, kamar zaman dole wuri ɗaya, da ƙiyayyar da take rikiɗewa ta zama ƙauna, da 'yar birni a ƙauye, da haramcin soyayya da 'yar maigida, da ɗakin masauki mai gado ɗaya tak. Manazarcin da ya saba da ma'aunin adabin makaranta zai ɗauki wannan jeri a matsayin shaidar rashin ƙirƙira, amma ga wannan jama'ar fahimta jerin tallar littafin ne, kuma da shi mai karatu yake yanke shawarar saye. Saboda haka idan aka ce littafin bai zo da sabon abu ba, sau da yawa maganar ba ta zama suka, domin mai faɗin ta yakan ci gaba da cewa ya ji daɗinsa duk da haka. Sukan gaske yana zuwa ne idan an yi tallar tubali ba a cika shi ba, alal misali masu ganin ƙiyayyar da ke tsakanin Rhett da Summer ba ta yi zurfin da za a kira ta ƙiyayya ba, tun da ba ta wuce ɓacin ran ƙato da aka haɗa shi da mai reno ba, ga shi kuma Summer tun tana yarinya take sha'awarsa daga nesa.

Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne zafin musayar magana tsakanin masoyan da barkwancin da ke cikinta. Wannan yabo yana da nauyi idan aka tuna da hujjar Tompkins, domin kaboyin da aka san shi da ƙarancin magana ya zama a nan mutum ne da ake ƙaunarsa saboda bakinsa, kuma tsarin ba da labari da baki biyu ya sa mai karatu yana jin abin da ke zuciyarsa tun kafin jarumar ta ji.

4.2 Hawan Bijimi da Jikin Jarumi

Hawan bijimi wasa ne na gaske mai ƙa'idoji sanannu, wanda mahayi yake riƙe igiyar da aka ɗaura a ƙirjin bijimi da hannu ɗaya, ya yi ƙoƙarin zama a bayansa na daƙiƙa 8 ba tare da ɗaya hannun ya taɓa dabbar ko jikinsa ba, sannan alƙalai su ba da maki cikin 100, rabi don ƙwarewar mahayi rabi don tsananin tutsun bijimin. Ya bambanta da hawan ƙaho na mahautan ƙasar Hausa, inda ake tunkarar sa ta gaba a kama ƙahonsa, amma sun yi tarayya wajen sayar wa 'yan kallo da haɗarin da namiji yake jefa jikinsa a ciki. Haɗarin kuwa ba na wasa ba ne, domin Lane Frost, zakaran duniya na 1987, ya rasu a filin gasa a Cheyenne ta jihar Wyoming a watan Yulin 1989 yana da shekara 25, bayan bijimi ya buge shi da ƙaho a bayansa. A 1992 mahaya 20 suka haɗa dala dubu ɗaya kowannensu suka kafa ƙungiyar Professional Bull Riders, wadda ta mayar da wasan sana'ar talabijin da tallace-tallace, kuma wannan duniya ta kwangila da masu ɗaukar nauyi ita ce Silver ta gina rikicin farkon littafinta a kai.

A nan ra'ayoyin masu karatu sun rabu gida biyu, ko da yake rabon bai zo daidai ba. Kaɗan daga cikinsu, musamman waɗanda suka san rayuwar gandun kiwo ko suke bin wasannin makiyaya na rodiyo irin na Calgary Stampede da aka fara tun 1912, sukan auna littafin da gaskiyar sana'ar, su yi ƙorafin cewa shanu da aikin kiwo sun zama ado kawai. Mafi yawa kuwa ba su damu da wannan ba, kuma wasu sukan faɗa ƙarara cewa ba su san komai game da wasan ba kafin su karanta littafin. Abin da yake jan hankalinsu shi ne raunin da Rhett yake ɓoyewa a kafaɗarsa, da ciwon da yake ji na cewa iyalinsa ba sa goyon bayan sana'arsa, da yadda Summer ta zama ta farko da ta lura da duka biyun. Wato jikin jarumin yana aiki biyu a lokaci guda, yana burge mai karatu da ƙarfinsa, yana kuma ba jarumar ƙofar shiga ta wurin rauninsa. Wannan ya yi daidai da abin da matan Smithton suka gaya wa Radway kusan shekara 40 kafin fitowar littafin, sai dai a wancan lokaci taushin jarumi yakan ɓuya har zuwa ƙarshen labari, a nan kuwa an shimfiɗa shi tun daga babukan farko.

4.3 Ɓatawa da Biko

Wannan shi ne wurin da muhawara ta fi zafi, kuma a nan ne hujjar takardar take tsayawa ko ta faɗi. Kusan kowane labarin soyayya na kasuwa yana da ɓatawar dab da ƙarshe, wadda ita ce mutuwa ta alama a tsarin Regis, kuma masu karatu na yanzu sun san ta sarai har sukan yi mata ba'a tun kafin ta zo. A Flawless ɓatawar ta taso daga halin Rhett na yin magana kafin tunani. Summer ta yi fama da ciwon zuciya tana budurwa, kuma likitan da ya duba ta ya ƙulla alaƙa da ita daga baya, sannan ya auri yayarta Winter, wadda suke uba ɗaya kuma ba sa ga-maciji, ita kuwa Summer ta riƙe wannan sirri shekara da shekaru. Rhett ya fasa ƙwan a gaban iyalinta da sunan kare ta, sannan da ta roƙe shi kada ya sake hawa da rauni a jikinsa, ya mayar mata da maganar da ta ƙasƙantar da abin da ke tsakaninsu.

Masu karatu ba sa jayayya a kan cewa ya yi laifi. Jayayyarsu tana kan biko, wato ƙoƙarin da mai laifi yake yi na neman gafara da nuna nadama a aikace har wanda aka ɓata wa ya sauko. Kaso ɗaya yana ganin barin hawan bijimi da ya yi a ƙarshen labarin, alhali kambu na uku shi ne burin rayuwarsa, ya isa biko har ya yi rara, domin babu abin da ya fi wannan tsada a hannunsa. Kaso na biyu yana ganin an yi gaggawar yafe masa, kuma barin wasan amfanin kansa ne tun da jikinsa ya riga ya gaji, saboda haka bai biya diyyar tona asirin da ba nasa ba. Akwai kuma kaso na uku, wanda ya fi sauran ƙanƙanta amma maganarsa ta fi nauyi, da yake cewa labarin ya wuce da sauri a kan abin da likitan ya yi, wanda cin amanar sana'a ne da yaudarar yarinyar da ke ƙarƙashin kulawarsa, aka mayar da shi makamin tayar da rikici tsakanin masoya maimakon a tsaya a kansa.

Abin lura shi ne, a cikin manyan kason biyu babu mai cewa bai kamata Rhett ya sauka ba. Idan aka ajiye wannan kusa da The Virginian za a ga juyin da aka yi cikin shekara 120, domin yanayin kusan ɗaya ne, mace tana roƙon namiji ya bar abin da zai iya kashe shi, shi kuma yana ganin mutuncinsa na namiji ya rataya a kan ƙin sauraron ta. A 1902 labarin ya ba namiji gaskiya, mace ta bi. A 2022 labarin ya ba mace gaskiya, kuma masu karatu sun karɓi wannan a matsayin abin da ba ya buƙatar hujja, har suka wuce zuwa lissafin ko saukowar ta zo da isasshiyar nadama. A ganin wannan takarda kaso na biyu ya fi kusa da abin da ke cikin rubutun, domin laifi biyu aka yi, na tona sirri da na muguwar magana, amma babban abin da jarumin ya sadaukar ya amsa na biyun ne kawai.

4.4 Ma'aunin Barkono

Masu sharhi a wannan fage sukan sa hoton barkono, daga ɗaya zuwa biyar, domin nuna yawan bayanin kwanciya a littafi da yadda aka fito da shi fili. Flawless yana cikin littattafan da ba sa sakaya wannan sha'ani, kuma ra'ayoyi a kansa sun bi ɗabi'ar mai karatu, wasu suna lissafa shi cikin abin yabo, wasu suna cewa ya cinye wurin da ya kamata a ba ginin halayen taurari a rabin littafin na biyu, wasu kuma sunan shagwaɓa da jarumin yake kiran jarumar da shi ne ya gundure su saboda maimaici. Ma'aunin kansa ya fi ra'ayoyin muhimmanci ga manazarci, domin aikinsa gargaɗi ne da jagora, yana taimaka wa mai so ya samu, mai ƙi ya kauce, ba tare da an yanke hukuncin tarbiyya a kan kowa ba.

4.5 Iyalin Eaton da Tasirin Kasuwa

Wani yabo da yake yawan fitowa bai shafi masoyan ba sam, ya shafi mutanen da ke kewaye da su ne, wato dattijo Harvey Eaton mai sakin baki a wurin cin abinci, da babban wa Cade mai ɗaure fuska wanda yake renon ɗansa shi kaɗai, da Beau soja, da Jasper ɗan wasan ƙwallon ƙanƙara da ya tashi a gidan, da Willa ƙawar Summer. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in ban da dattijon, ya zama tauraro a ɗaya daga cikin littattafan da suka biyo baya, kuma ita kanta Winter da ta fito a nan da siffar mai sanyin zuciya ta samu nata labarin a Reckless tare da Theo Silva, matashin mahayin da Rhett yake yi wa jagora. Wannan tsari yana da alaƙa da yadda ake sayar da littattafan, domin shirin Kindle Unlimited na Amazon, wanda aka fara a 2014, ya koma biyan marubuta bisa yawan shafukan da aka karanta tun daga 2015, abin da ya sa jerin littattafai masu jan mai karatu daga ɗaya zuwa ɗaya suka fi littafi tilo riba.

Sakamakon haka shi ne ra'ayi game da Flawless ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya karanta shi a 2022 ya auna shi da sauran labaran soyayya, wanda kuwa ya zo bayan jerin ya cika yakan auna shi da ƙannensa, kuma da yawa daga irin waɗannan sukan fifita Heartless, labarin Cade da Willa, su siffanta na farkon da ƙofar shiga kawai. Da'irar tsammani ta Jauss ke nan tana sauyawa cikin shekara ɗaya ko biyu, ba cikin zamani mai tsawo kamar yadda shi ya yi tunani ba. Haka kuma lokacin fitowar littafin ya taimaka masa, domin shirin talabijin na Yellowstone, wanda aka fara nunawa a 2018, ya riga ya dawo da gandun kiwo cikin yayi, sannan Done and Dusted na Lyla Sage a 2023 da faifan Cowboy Carter na Beyoncé a 2024 suka ƙara faɗaɗa kasuwar.

4.6 Abin da Sharhi Bai Cika Taɓawa Ba

Gandun Wishing Well yana fitowa a idon mafi yawan masu karatu a matsayin wurin hutawa, mai duwatsu da sararin sama da iyali da suka gaji ƙasa kaka da kakanni, kuma kalmomin da ake siffanta littafin da su sukan koma ga natsuwa da jin kamar an dawo gida. Tarihin yankin da aka ɗora labarin a kai ya fi haka sarƙaƙiya. Kudancin Alberta yana ƙarƙashin Yarjejeniya ta 7 ce, wadda gwamnatin Kanada ta ƙulla a 1877 da al'ummomin Siksika da Kainai da Piikani da Tsuut'ina da Stoney Nakoda, kuma a 1881 gwamnati ta fara ba da hayar filayen kiwo har eka 100,000 ga mutum ɗaya ko kamfani a kan santi ɗaya kowace eka a shekara, wanda shi ne asalin manyan gandayen yankin. Su kansu makiyayan ba fararen fata ne kaɗai ba, domin dabarun sana'ar da yawa daga makiyayan Meziko aka gaje su, kuma ɗaya daga cikin sanannun kaboyin Alberta shi ne John Ware, baƙar fata da aka haifa cikin bauta a Amurka, wanda ya shigo yankin da garken shanu a 1882 ya zauna har rasuwarsa a 1905.

Ba a ɗora wa labarin soyayya nauyin zama littafin tarihi ba, kuma rashin ambaton waɗannan abubuwa ba aibi ne na Silver ita kaɗai ba, tun da haka akasarin nau'in yake. Sai dai shirun yana nuna iyakar alƙawarin da ke tsakanin marubuciya da masu karatunta, wato an yarda a tuhumi kaboyi a kan yadda yake mu'amala da mace, a tilasta masa magana da nadama da saukowa, amma ba a cika tuhumar yadda ƙasar da yake tsaye a kai ta zo hannunsa ba. Masu karatun da suke tayar da wannan tambaya sukan nuna wa 'yan'uwansu wasu marubuta, kamar Beverly Jenkins da ta daɗe tana rubuta labaran soyayyar baƙaƙen fata a yammacin Amurka na ƙarni na 19, da Rebekah Weatherspoon wadda ta buɗe jerin Cowboys of California da A Cowboy to Remember a 2020, inda iyalin da suka mallaki gandun baƙaƙen fata ne. Ya kamata masu nazari su gwada sharhin da ake yi wa waɗannan littattafai da wanda ake yi wa Chestnut Springs, domin ta haka ne za a tantance ko jama'ar fahimta ɗaya ce take karanta su duka, ko kuwa kowane jeri da nasa mutanen da nasa ma'aunin.